Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Karatun Dare a Tsakar Gidanmu

A kashin makon jiya na ba da labarin yadda Baba ya amince aka rubuta sunana a makarantar firamare a shekarar 1978, shekara biyu bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Wannan ya sa na zama mace ta farko a gidanmu na Fagge da ta iya karatun boko, kuma tun ina aji huɗu aka ɗora mini aikin da na riƙe har ranar da aka kai ni ɗakin miji, wato karanta wa matan gida littafi bayan sallar isha'i. Su uku ne masu saurarona: Innata, da abokiyar zamanta wadda muke kira Umma, da Goggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida da zama bayan mutuwar aurenta. Dukkansu sun yi karatun allo, Goggo ma tana karanta ajami, amma babu wadda ta san haruffan boko a cikinsu.

Da littattafan Yayana muka fara, Ruwan Bagaja da kashi na farko na Magana Jari Ce, waɗanda bangonsu ya riga ya yage har sai da Baba, da yake tela ne, ya ɗinke su da zare ya lulluɓe su da ƙyallen atamfa. Akan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, a ajiye fitilar ƙwai kusa da gwiwata, Inna tana ɗinkin hula, Umma tana ƙulla gyaɗa ta sayarwa, Goggo kuwa ba ta taɓa komai sai carbinta. A wancan lokacin ban san cewa Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja ne domin gasar da Rupert East, Bature shugaban hukumar fassara, ya shirya a Zariya a 1933 ba, lokacin Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara ashirin da biyu kacal. Abin da na sani shi ne, da zarar na buɗe littafin sai katangar gidanmu ta daina tsare ni. Yarinyar da iyakar tafiyarta makaranta da gidan niƙa da gidan kakanni, sai ga ta tana bin Alhaji Imam, jarumin littafin, gari bayan gari, yana karo da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙulli, har ya kai ga aljannu da ruwan da ya fita nema.

Har yau ba na yarda da masu cewa labarin aljannu da tsuntsu mai magana ɓata lokacin yaro ne. Daga irin waɗannan littattafai na fara gane cewa ana iya ƙera duniya da magana kawai, kuma duniyar da aka ƙera tana da dokokinta waɗanda marubucin kansa ba ya da ikon karyawa. Umma ce ta fi kowa tsare wannan doka. Idan barci ya fara ɗibata na tsallake shafi, nan take za ta ɗaga kai ta ce, "A'a, 'yar nan, ai akun bai gama wancan labarin ba, koma baya." Goggo kuma takan ce ta taɓa jin kwatankwacin wani labarin a bakin wata tsohuwa da ta san hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, kuma da na girma na tarar tana da gaskiya, domin Imam ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya mayar da su Hausawa. Tsoron da ke cikin waɗannan littattafai mai daɗi ne. Mukan firgita, mu yi dariya, a rage fitila, kowa ya kwanta ya yi barcinsa lafiya, saboda babu wadda take tsammanin za ta haɗu da sarkin aljannu a hanyar rijiya.

Da na shiga makarantar sakandare ta kwana a 1984, sai na faɗa cikin wani irin karatu dabam. A ɗakin kwananmu littattafan Turanci na binciken kisan kai ne suke yawo daga ƙarƙashin wannan filo zuwa wancan, yawancinsu kwance ne da yayyen ɗalibai suke sayowa a wurin masu baza littattafai a Sabon Gari, wajen Bata. Na James Hadley Chase sun fi yawa, sai na Agatha Christie jefi-jefi. Akan ba ki littafi da sharaɗin ki dawo da shi gobe da safe, don haka sai ki lulluɓa da bargo da tocila bayan an kashe wuta, zuciyarki tana bugawa saboda abu biyu, mai kisan da ke cikin littafin da kuma malamar da ke zagayen dare. Turancina ya ƙaru da wannan karatu fiye da yadda ya ƙaru a aji, wannan kam ba na musu.

Idan na dawo hutu nakan karanta a zuci in riƙa fassara wa matan gida da Hausa. Inna ba ta so su ba, ta ce mutanen ciki ba su da uwa ba su da uba, kowa kuɗi yake bi. Umma ta ƙware wajen canko mai laifi, ka'idarta kuwa ɗaya ce, duk wanda marubucin ya cika nuna kirkinsa shi za ta sa wa ido, kuma sau da yawa takan dace. Amma tambayar Goggo ce ta tsaya mini a rai. Wani dare ina cikin labarin wani attajiri da aka tsinci gawarsa a ɗakin karatunsa, mai bincike yana ta auna sawun takalmi yana duba agogo, sai ta dakatar da ni ta ce, "Ke 'yar nan, shi mamacin wa ya yi masa wanka? Tun ɗazu nake jira in ji an yi masa sutura, ko wani ya zo gaisuwa." Na duba gaba na duba baya, babu. A cikin littafin gawa abin lissafi ce kawai, an ajiye ta domin mai bincike ya nuna basirarsa.

Duk da haka ban daina son su ba, kuma na daɗe ina tambayar kaina dalili. Amsar tana cikin abin da ya faru a Kano a watan Disamba na 1980, lokacin rikicin Maitatsine, wanda cibiyarsa take 'Yan Awaki, ba nisa da unguwarmu. Ina 'yar shekara takwas muka kwana muna jin harbi, muka bar gida muka koma wurin dangi a cikin birni, kuma dubban mutane suka rasa rayukansu kafin sojoji su kawo ƙarshen abin. Ɗan maƙwabciyarmu, saurayi mai sayar da rake, ya fita da safe a cikin kwanakin nan bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a ji wanda ya gan shi ba, uwarsa kuma ta ƙi yarda a yi zaman makoki, ta ci gaba da ajiye masa tuwon dare shekara da shekaru. Na tashi da wannan a gabana. Littafin bincike kuwa alkawari yake yi wa mai karatu cewa komai duhun al'amari, a shafin ƙarshe za a tara mutane a faɗi wanda ya yi, da yadda ya yi, da dalilinsa. Wannan alkawarin nake bi ina karantawa har asuba, domin shi ne abin da maƙwabciyarmu ba ta samu ba har ta koma ga Allah.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 sai ga wasu sababbin littattafan Hausa sun fara shigowa gidaje, sirara, masu takarda mai araha, ana fitar da su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Dalilin fitowarsu a lokacin ba ɓoyayye ba ne. Yaran da aka ɗiba makaranta a 1976 sun girma sun iya karatu da rubutu, hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta koya wa matan aure da yawa karatu, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida daga 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Sai matasa, maza da mata, suka riƙa tara kuɗinsu suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, suna raba wa 'yan kasuwa da kansu. Shagunan hayar littafi suka buɗe a unguwanni, yaro ya kai kuɗi kaɗan ya karɓo wa yayarsa ko matar yayansa, gobe ya mayar ya karɓo ci gaban. Malamanmu na makaranta sun raina su, in an kama ki da ɗaya ƙwacewa za a yi, kuma daga baya masana sun shafe shekaru suna muhawara a jaridu kan ko sun cancanci a kira su adabi. Ba zan ce duka nagari ba ne. Akwai da yawa da na karanta na manta kafin in rufe bango, saurayi mai mota da budurwa mai dogon gashi da wasiƙun da ba sa ƙarewa.

Amma a cikinsu ne na haɗu da littafin da ya fi kowane girgiza tsakar gidanmu, Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shekarar da na gama sakandare. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya ƙuntata wa, ya auro wata, ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biya musu makaranta. Tun daga shafukan farko na lura babu mai dariya. Inna ta ajiye hular da take ɗinki a cinya, Umma ta daina ƙullin gyaɗa. Da na zo wurin da aka fitar da Rabi daga gidan, muryata ta fara rawa, domin sai a lokacin na tuna cewa Goggo da akwati ɗaya ta dawo gidanmu, kuma 'ya'yanta huɗu suna can hannun wata matar, ba ta ganinsu sai da salla. Na yi shiru ina neman hanyar tsallakewa. Goggo ba ta ɗago ba, ta ce, "Ci gaba mana. Ai ita wannan ta yi sa'a, da nata ta fita."

Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya da Goggo, ina yi mata tsifa, ina kai mata ruwan alwala, ban taɓa jin ta ambaci abin da ya raba ta da mijinta ba, kuma tarbiyyar gidanmu ba ta ba yaro damar tambaya. A daren nan, bayan na rufe littafin, ta ba mu labarin da bakinta tun daga farko, ba kuka ba ɗaga murya, Inna da Umma suna saurare kamar ba su taɓa ji ba, ko da yake na tabbata sun san wani abu a ciki. Ban yi barci ba. Aljannun Imam da masu kisan Chase ba su taɓa hana ni barci irin haka ba, saboda wannan karon abin tsoron aure ne, ni kuma an riga an fara zuwa gaishe da Baba a kaina.

Ƙarshen littafin ya raba kan matan gidan. Bayan dukiyar Alhaji Abdu ta ƙone, amaryar ta juya masa baya, sai dangi suka matsa wa Rabi ta koma masa. Inna ta ce haka ya dace, ko don 'ya'ya, kuma mace ba ta da daraja irin ta ɗakinta. Umma ta ce wannan zalunci ne a kan zalunci, wadda ta sha wuya ita kaɗai ita za a sake ɗora wa jinyar wanda ya wulaƙanta ta. Goggo ta ce marubuciyar ba ta yi ƙarya ba, haka ake yi, kuma wannan ne abin da ya fi ciwo a labarin. Ni a lokacin bayan Umma nake, har yanzu ma can na fi karkata, sai dai na fahimci abin da Goggo take nufi: da an ƙare labarin yadda zuciyata take so, da na ji daɗi na manta shi kamar sauran.

Gardamar ta kai har kunnen Baba, wanda ya shigo daga shago ya tarar ana ɗaga murya, ya tambayi ko lafiya. Goggo, da yake ita ce babba, ta ce masa, "Kai dai nemi wuri ka zauna, a karanta maka." Bai zauna a ranar ba, amma washegari na ga ya jawo kujerarsa kusa da ƙofar zaure inda murya take isa, ya yi kamar yana sauraren rediyo. Bayan 'yan makonni Umma ta same shi da wata buƙata, ta ce tunda aurena ya matso kuma babu wanda zai riƙa yi musu karatu, tana so ya bar ta ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure da ake yi da yamma a makarantar unguwarmu. Yadda aka yi Baba ya amince, da rigimar da hakan ya tayar tsakaninsa da ƙannensa, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.