Aike uku a shagon Alhaji

Bara na haɗa wa wani Alhaji mai shagon kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina manhajar lissafi da React, wani kayan aikin gina shafuka na JavaScript, yaren rubuta manhajoji. Shafin farko na neman abu uku daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan: kayan da suka rage a sito, cinikin ranar, da sunayen masu bashi. Na jera su bi da bi, kowanne da await a gabansa, wato umarnin a jira amsarsa kafin a tura na gaba. A kwamfutata komai lafiya lau. Da muka buɗe a wayar yaron shago, sabis na rawa, sai ƴar da'irar nan ta yi ta juyi har mai sayen sukari ya gaji ya wuce.

Laifina ne. Kamar ka aiki yaro Ƙofar Ƙaura, ka zauna sai ya dawo kafin ka tura wani Ƙofar Guga, alhali babu aiken da ya dogara da ɗan'uwansa. Sai na tashi aiken uku lokaci guda, na sa Promise.all, dabarar JavaScript mai jiran aike da yawa a tare, ta jira su, jiran ya koma gwargwadon wanda ya fi nawa a cikinsu kaɗai.

Ban kai ga hutawa ba Alhaji ya kira ni. Aiken ɗauko sunayen masu bashi ne ya samu matsala, kuma Promise.all halinta ke nan: ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Allo fari fat. Ya ce, "Injiniya, cinikin yau nake son gani, ina ruwana da masu bashi yanzu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka." Maganar ta zauna mini, don ban taɓa tambayarsa abin da yake fara dubawa da safe ba.

Na koma Promise.allSettled, wadda ta shigo JavaScript a 2020. Tana dawo da sakamakon kowane aike, wanda ya ci da wanda ya gaza. A nan ma na gane fetch, mai kai aike wurin saba, ba ta ɗaukar amsar 500 (lambar da ke nuna saba ta samu matsala) a matsayin gazawa, sai ka duba response.ok, alamar ko amsa ta zo lafiya, da kanka.

Saura reshensa na Daura. In ya danna Katsina a manhajar ya yi saurin komawa Daura, tsohuwar amsa kan iso a makare ta hau kan sabuwa, ya ga buhunan Katsina a ƙarƙashin sunan Daura. Wannan ya fi tayar mini da hankali, don allon bai nuna alamar kuskure ba. Yanzu AbortController, dabarar katse aiken da ke kan hanya, na soke tsohon aike da zarar an sauya reshe, akwatin bashi kuma in ya gaza yana da maɓallinsa na "sake gwadawa".