Jikin nan ma fa yana da hakki a kanmu

A ƙauyukanmu na Jigawa in dai mutum bai kwanta warwas ba, ba a yarda ba shi da lafiya. Ciwon baya, ciwon kai, jiri, duk sai a ce ai gajiya ce, a aiki yaro kyamis ya karɓo ƙwaya a kora da ruwa a koma gona. Abin nan yana damuna wallahi, musamman masu noman rani a fadamun Haɗejiya da Auyo, mutum ya wuni a sunkuye cikin shinkafa yana cirar ciyawa, ga ranar Afrilu da zafinta ke haura digiri 40, gumi na zuba, amma ko moɗa biyu bai sha ba tun safe. Ciwon kan nan da yawansa ƙishirwa ce. Ka duba fitsarinka kawai, in ya yi duhu to sau da yawa ruwa jiki ke roƙo.

Su Inna kuwa ba a magana, surfe, daka, ɗibar ruwa, ga goyo, kuma su ne na ƙarshen cin abinci. In ta ce ƙugunta na ciwo sai a ce Allah ya sawwaƙe, shi kenan fa. Haba! Ko tabarma a shimfiɗa mata a gindin darbejiya ta yi ƙailula rabin awa, yara su karɓi taɓaryar.

Annabi (SAW) da kansa ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa yana da hakki a kansa, kuma a kan yawan azumi da tsayuwar dare ya faɗa, ibada ke nan fa, balle aikin gona.

Ni dai abin da na riƙe ba tsada. In na gama kunya ɗaya na miƙe na miƙa bayana, da hunturu na shafa man kaɗe a dugadugai kafin kaushi ya tsage, zogale da rama ba sa yankewa a kwanona. Gishiri da dunƙule kuma na rage, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar gishiri ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne hawan jini, don shi sau da yawa ba ya wani alama sai ya kayar da mutum. Ranar kasuwa ka biya asibitin sha-ka-tafi a auna ka, in ana ta samun 140/90 ko sama da haka, kar ka tsaya kan jiƙe-jiƙe, ka ga likita. Ka tafi da Baba ma in zai yarda.