Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Eriyar Jirgin Sintiri

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na gama koyon buga tangaraho a Apapa, aka tura ni wani ƙaramin jirgin sintiri a matsayin yaron ɗakin wayar iska. Damina ta yi nisa a lokacin, shekarar 1967, yaƙin basasa kuma ya riga ya kankama. Tun da Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu, Gowon ya ba da umarni a toshe gaɓar tekun Gabas, kuma a ƙarshen Yuli jiragen ruwa suka sauke sojojin Benjamin Adekunle a Boni. Joseph Wey ne shugaban sojan ruwa. Manyan jiragen da ake ji da su su ne NNS Nigeria da Nelson Soroh ke ja, da Ogoja da ke hannun Akin Aduwo. Namu yana cikin ƙananan nan ƙirar Ingila, tsawonsa wajen mita 36, da bindigar Bofors guda a gaba. Aikinmu mu yi ta kai-da-kawo a bakin kogunan Neja Delta, mu tare duk abin da ya nufi shiga ko fita.

'Yan Arewa a sojan ruwa ba mu da yawa, don haka na yi murna da na tarar shugaban ɗakin wayar iska yana jin Hausa kamar jakin Kano. A Lokoja ya tashi. Cif muke ce masa. Ranar da na fara aiki na nufi ɗakin na'ura kai tsaye, hannuna har ƙaiƙayi yake yi in nuna masa na iya buga saƙo.

"Kai yaro, ina za ka?"

"Ɗakin na'ura, Oga Cif."

"Na'ura tana nan, ba inda za ta. Ɗauko bokiti da tsumma ka biyo ni."

Sai ya kai ni saman jirgi ya nuna mini eriyoyinmu. Akwai doguwa ta tsaye, ƙarfe siriri da bai kai mita 10 ba, an dasa ta a gefen ɗakin tuƙi a kan wani tangaran mai kauri da ke raba ta da ƙarfen jirgi don kada wuta ta zurare. Akwai ta waya, wadda aka ja daga ƙololuwar sandar jirgi zuwa baya, da tangaran a kowane bakinta. Can sama kuma ga wasu gajeru na magana tsakanin jirgi da jirgi, waɗanda ba sa kai murya sai iyakar inda ido zai iya hangowa da ɗan ƙari. Idan eriyar tana mita 10 sama da ruwa, kuma ta ɗaya jirgin ma haka, to bayan kilomita 25 ko makamancin haka kun rabu ke nan. Magana da Legas kuwa sai da gajeren zango, kuma nan ne wahalar take.

Cif ya koya mini lissafin da har yau yana kaina. Eriyar tsaye tana aiki sosai ne idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon zangon da ake aikawa a kai. Ka raba 75 da adadin megahaz, wato lambar tashar da kake aikawa a kai, ka sami tsawon a mita. Da rana muna aiki wajen megahaz 8, wanda ke neman mita 9 da ɗoriya, tamu ta wadatar. Da dare dole a sauko wajen megahaz 4, domin sararin sama da ke dawo da saƙo ƙasa yana canza hali idan rana ta faɗi, sai ga shi ana neman kusan mita 19. In aka sauko megahaz 2 kuwa, eriyar da ake bukata ta fi jirgin kansa tsawo. Rijiya mai zurfi, igiyar guga gajera. Abin da ke cike giɓin wani akwati ne a gindin eriyar, cike da naɗaɗɗiyar waya, kana murɗa shi kana kallon allurar ma'auni har ta tsaya inda ya kamata. Yana sa na'ura ta karɓi eriyar, amma wani kaso na ƙarfin saƙon a cikin akwatin yake ƙarewa ya zama zafi. Gatanmu ɗaya shi ne ruwan gishiri. Babu ƙasar da ta kai teku taimaka wa eriyar tsaye, shi ya sa muryar da ba za ta tsallake gari biyu a tudu ba takan yi tafiya mai nisa a kan ruwa.

Amma gishirin nan shi ne kuma abokin gabarmu. Feshin ruwa yana sauka kan tangaran, rana ta busar da shi, ya bar farin ɓawo. Da raɓa ta sauka sai ɓawon ya jiƙe, wuta ta bi ta kansa ta zurare cikin ƙarfen jirgi maimakon ta hau eriya. Za ka ga allura tana rawa, kana bugawa Legas ba ta jin ka. Da dare ma idan ka leƙa, kana iya ganin tartsatsi shuɗi yana tafiya a jikin tangaran. Magani ɗaya ne, a wanke da ruwan daɗi safe da yamma, a goge ya bushe ƙarau. Wannan ne aikin bokitina.

Ruwan daɗi kuwa a ƙaramin jirgi awo ake yi. Ni da kuku kullum sai mun yi. Yakan ce mutane na wanka da kofi, ni kuma ina yi wa kwalba wanka. Wata rana ya hana ni sam, na koma na faɗa wa Cif. Bai ɗaga murya ba. Ya je ya tsaya a ƙofar kicin ya ce masa, ranar da shinkafa ta ƙare, ta cikin wannan kwalbar za a roƙo wata. Tun daga ranar, kafin in iso an ajiye mini rabin bokiti.

Mutanen jirgi sun fi girmama na'urar, da fitilunta da ƙararta, eriya kuwa a wurinsu ƙarfe ne da waya. Wani sabon shiga ya taɓa zuwa zai rataya jiƙaƙƙiyar singileti a kan wayar da ke saukowa ɗakinmu, daidai lokacin da Cif ke aikawa. Ihunsa muka ji. Wutar eriya ba ta fizgar mutum irin ta gida, ƙuna take yi. Tabon ɗan ƙarami ne fari a tafin hannu, amma ya shiga ciki, ya daɗe bai warke ba. Daga nan aka ja jan fenti kewaye da gindin eriyar, kuma duk wanda zai hau sandar jirgi sai ya zo ya karɓi fis ɗin na'urar aikawa ya sa a aljihunsa tukuna. A ganina wannan dokar ta fi kowace irin sanarwa hikima, tunda ba ta dogara da tunawar kowa ba.

Ba kullum ake aikawa ba ma. Yawancin dare sauraro kawai muke yi, domin duk wanda ya danna madanni ya faɗa wa mai kunne cewa yana kusa. Sauraron kansa azaba ne a yankin nan. Hadari ba ya ƙarewa, kowace walƙiya kuma, ko da tana nesa, sai ta fasa maka kunne. Shi ya sa tangaraho ya fi murya amfani, ɗigo da ja suna ratsa hayaniyar da magana ba za ta ratsa ba. Idan aiki ya lafa, Cif yakan bar ni in murɗa ƙaramar na'urar karɓa in kamo Rediyon Kaduna, in ji labarai da Hausa.

Inda na san darajar eriya da gaske shi ne ranar da aka ce mu shiga wata ƙorama da ta ɓalle daga kogin Boni, mu duba ko ana bi da kwalekwale ana shigar da kaya. Wanda bai taɓa ganin wurin ba zai yi wuya ya gane. Itatuwa ne tsaye a cikin ruwa, saiwoyinsu a waje, rassansu sun rufo ta ko'ina, hanyar kuma tana ƙara matsewa. Kyaftin ya kira Cif ya tambaye shi ko a kwantar da doguwar eriya. Idan an bar ta tsaye, tana leƙowa ta saman itatuwa, mai bindiga a ɓoye yana ganin tafiyarmu tun kafin ya ga jirgin. Idan an kwantar, an rage hanyar kiran agaji. Cif ya ce a kwantar, ta waya ta isa. Dalilinsa shi ne eriyar tsaye tana watsa saƙo ne a kwance, itatuwan nan jiƙaƙƙu kuma shanye shi suke yi. Ta waya, tunda a gicciye take, sama take jefa saƙon ya dawo ƙasa, kuma Legas da ke nesa da fiye da kilomita 400 ta wannan hanyar ta fi jin mu.

Ba mu yi nisa ba aka buɗe mana wuta daga hagu. Matuƙi ya karkata, bayan jirgi ya goga cikin rassa, sai na ji ƙas. Wayar ta tsinke daga tangaran ɗin baya ta faɗo ta naɗe a kan dogarin gefen jirgi. Bofors na amsawa, jirgin gaba ɗaya na girgiza, allurarmu kuwa ta kwanta.

Cif ya jawo wani ƙullin waya daga ƙarƙashin tebur, wanda na sha tambayar kaina amfaninsa. Ashe ya riga ya auna shi ya yanke daidai zangon rana. Ya miƙo mini baki ɗaya da kwalbar lemo da ya ɗaure da igiya a wuyanta.

"Ɗana, ja ciki. Kar ka miƙe. Ka ɗaura a sandar tuta, ka tabbata wayar ba ta taɓa ƙarfe ba."

Na ja ciki har baya, ƙarfen jirgi na ƙona mini gwiwa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na ɗaure igiyar a sandar tuta, kwalbar ta raba waya da ƙarfe, na ja har ta miƙe. Tsayinta daga ruwa bai taka kara ya karya ba. Ina dawowa na tarar Cif na murɗa akwatin, allura ta ɗan ɗaga kai. Ya buga kiran, ya sake bugawa, sai ga amsa siririya daga babban jirgin da ke bakin kogi. Ya ba su inda muke, suka ce mu ja da baya, za su turo wani jirgi ya tare mu a mashiga.

Mun fito da mutum ɗaya da ya ji rauni a kafaɗa, da ramukan harsashi a jikin ɗakin tuƙi. Washegari ni da Cif muka ja sabuwar waya, ya sa na yanka wasu guda biyu, ɗaya ta rana ɗaya ta dare, muka naɗe muka ajiye ƙarƙashin tebur. Ba a jima ba, cikin Oktoba, saƙo ya zo ta wannan sabuwar wayar cewa mu shirya mu bi ayarin da zai nufi Kalaba. Yadda muka shiga kogin Kuros, da abin da na gani a bakin ruwan Oron, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.