Yadda muka haɗa gajeren fim kan yaro mai neman shiga cikin mutane

Ni da abokai mun haɗa wani gajeren fim, kuma tunda ana ta tambayata wai ya aka yi muka cakuɗa barkwanci da maganar addini ba a yi mana ca ba, bari in ɗan yi bayani.

Labarin wani yaro ne ɗan shekara 15 da aka canza wa makaranta, bai san kowa ba, waɗanda suka fara jan shi a jiki su ne yaran da ke kula da masallacin makarantar, shi kuma gogan naka don ya burge su sai ya ce ai ya iya kiran sallah, alhali lokacin muryarsa ta fara fashewa irin ta balaga, ya ɗauko da muryar manya kafin ya kai ƙarshe ta koma ta yara. Tambayar da fim ɗin ke bi ita ce, don Allah yake zuwa ko don kar ya zauna shi kaɗai lokacin hutu?

A rubutun fim in ka bi tsarin da aka saba, wato harafin Courier mai girman 12, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Mu minti 20 muke so, don haka shafi 20 ne iyakarmu, kuma wallahi wannan takurar ta taimaka, duk inda wani ya fara dogon wa'azi shafin da kansa zai nuna maka ya cinye wuri.

Dokar da muka kafa tun farko ita ce yaron ake yi wa dariya, ba ibadar ba. Shi ya sa ba mu taɓa sa muryarsa ta fashe a cikin kiran sallah na gaske ba. Mun nuna shi a bayan aji yana gwajin jan numfashi da ɗaga murya, ƙaninsa na laɓe yana kwaikwayonsa, a nan mutane suka fi ƙyalƙyalewa. Ranar da aka miƙa masa makirfo kuma sai muka tsaya kan fuskarsa, gumi, haɗiyar yawu, muka yanke kafin ya buɗe baki. Mai kallo ya riga ya san abin da zai faru, ba sai an jiyar da shi ba.

Wurin da ya fi ba mu wuya shi ne nuna cewa zuciyarsa ta fara canzawa. Kyamara ba ta ganin niyya, abin da mutum ya aikata kawai take gani. Wani a cikinmu ya ce a sa kiɗa mai taushi yaron ya yi hawaye, na ce a'a, wannan kowa ya gaji da shi. Abin da muka yi, bayan abokan sun gano ƙaryarsa sun daina kula shi, sai muka nuna ya zo da wuri babu kowa, ya share wurin ya gyara shimfiɗu ya yi sallarsa ya tafi. Ba kiɗa, ba magana, ƙarar tsintsiya ce kawai. Wanda yake zuwa don a gan shi me zai kawo shi ranar da ba mai ganinsa?

Malamin da muka sa a fim ɗin ma mun ƙi mai da shi mugu ko waliyyi, mutum ne mai mantuwa da ke kiran yaron da sunan wani har fim ya ƙare.

Sauran darasin na aiki ne. Ku kashe kuɗinku kan sauti kafin hoto, mutane za su jure hoto mai ɗan duhu amma in ba a jin murya tashi za su yi. Ku zauna da 'yan wasa kowa ya karanta layinsa da ƙarfi kafin ɗauka, barkwancin da bai ba su dariya a nan ba ku cire shi kawai. Mun yi editin da DaVinci Resolve na kyauta, wata manhajar tace bidiyo, kuma a nan na gane dariya lissafi ce, fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, ƙarin hoto 12 kacal da muka bari kan fuskar malamin bayan yaron ya ce ya iya, shi ya sa wurin ya ba da dariya.