Abin da Tsofaffin Fina-finan Fargaba Suka Koya Mini a Aikin Editin

Sana'ata haɗa hoton fim ce, wato ni edita ne, mutumin da ake kawo wa duk abin da aka ɗauko daga lokeshin, mai kyau da marar kyau, a ce ya zauna gaban kwamfuta ya fitar da labari daga ciki. Abokan aikina a Kano sun daɗe suna yi mini tsiya saboda irin abin da nake kallo idan an tashi aiki, domin yayin da suke bin sababbin fina-finan Indiya da na Koriya, ni hankalina yana kan fina-finan fargaba na Amurka da Ingila na shekarun 1940 zuwa 1960, da shirye-shiryen talabijin na almarar kimiyya na wancan zamani, waɗanda yawancinsu baƙi da fari ne, kuma dodannin cikinsu ko yaro ya san mutum ne ya sa rigar roba. Da farko sha'awa ce kawai ta ja ni, amma a hankali na gane cewa babban abin da nake taƙama da shi a wannan sana'a daga wurinsu na samo shi, wato sanin abin da ya kamata mai kallo ya sani, da lokacin da ya kamata ya san shi.

Wanda ya fi kowa fayyace wannan magana shi ne Alfred Hitchcock, daraktan nan da aka haifa a Landan a 1899, a doguwar hirar da ya yi da François Truffaut, daraktan fim na Faransa, a 1962. Ya ba da misali da mutane biyu da ke zaune a tebur suna hirar da ba ta da wani muhimmanci, sai kwatsam bam ya tashi. A wannan tsari mai kallo zai firgita na daƙiƙa 15, daga nan shi ke nan. Amma idan aka fara nuna masa an ɗana bam ɗin a ƙarƙashin teburin, aka sanar da shi cewa da ƙarfe ɗaya zai tashi, ga kuma agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata, to wannan hirar banza za ta zama abin da ba ya iya ɗauke ido daga kanta, zuciyarsa tana dukan uku-uku har tsawon minti 15, yana ji kamar ya yi musu tsawa su tashi. Abin da ya bambanta tsarin biyu shi ne hoto guda ɗaya da aka matsar da shi daga ƙarshe zuwa farko, kuma matsar da hoto daga nan zuwa can shi ne abin da ake biyan edita ya yi.

Hitchcock ya riga ya gwada wannan a aikace a fim ɗinsa Rope na 1948, inda samari biyu suka shaƙe abokinsu da igiya tun a minti na farko, suka saka gawar a wani babban akwatin katako da ke falo, sannan suka jera abinci a kansa suka karɓi baƙi, ciki har da mahaifin mamacin. Akwai wata fitowa a ciki da ban san iyakar sau nawa na maimaita kallonta ba. An gama cin abinci, baƙi suna gefe suna tambayar juna abin da ya hana yaron zuwa, amma kyamara ta ƙi bin su, ta tsaya cak a kan akwatin. Mai aikin gidan tana kwashe kwanuka ta kai kicin ta dawo, ta ɗauke kyandir, ta naɗe mayafin da aka rufe akwatin da shi, sannan ta ɗauko littattafan da za ta mayar ciki. Ba kiɗa, ba ihu, ba wanda ya zare ido, sai dai kowace tafiya da ta yi ta dawo, mai kallo ya san saura ƙiris ta ɗaga murfin.

Na yi amfani da wannan darasi a wani fim mai dogon zango da aka kawo mini, inda uwargida ta zuba wa amarya guba a abinci. Yadda aka rubuta labarin, ba wanda zai san komai sai amarya ta yanke jiki ta faɗi, sannan a koma baya a nuna yadda aka yi. Na ce wa daraktan, "Maigida, da za ka yarda, mu fara nuna hannunta tana barbaɗa maganin." Ya dube ni ya ce, "To ai ka tona asirin ke nan, me kuma ya rage a kalla?" Ban ja maganar ba, sai na haɗa fitowar iri biyu. A cikin hotunan da aka ɗauko akwai wani da ba a yi niyyar amfani da shi ba, inda ƙaramin ɗan uwargidan da kanta ya shigo ɗakin ya zauna kusa da kwanon yana wasa da murfin, alhali amarya tana can bakin gado tana waya da mahaifiyarta. Na sa hoton hannun a gaba, na bar kwanon a tsakiyar tabarma, na riƙa yanka tsakanin hirar wayar da yatsun yaron. Lokacin da muke duba shi, matar da ke kawo mana abinci a sutudiyo tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran kuɗinta, sai muka ji ta ce da ƙarfi, "Kai, ku ɗauke yaron nan mana!" Daraktan bai sake cewa komai ba, kuma ba a ƙara ko naira ɗaya a kan abin da aka riga aka kashe ba.

Daga Rear Window, fim ɗin Hitchcock na 1954, na koyi abin da ya rage mini yawan dogaro da baki. James Stewart ya fito a matsayin mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa, yana zaune a keken marasa lafiya yana leƙen maƙwabta ta taga, har ya fara zargin ɗaya daga cikinsu da kashe matarsa. Kusan duk fim ɗin an gina shi a kan hoto uku da ke bin juna: mutum ya duba, a nuna abin da ya gani, a dawo kan fuskarsa. Wannan dabara ta samo asali ne daga gwajin Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya haɗa hoton fuskar jarumi guda da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mata, masu kallo suka ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canja ba. A ganina babbar cutar fina-finanmu ita ce rashin yarda da hankalin mai kallo, shi ya sa za ka ga jaruma ta zauna ita kaɗai a ɗaki tana faɗa wa bango cewa ranta ya ɓaci kuma sai ta rama. Sau da yawa ina cire irin wannan jawabi gaba ɗaya, in bar fuskarta shiru, in biyo da hoton abin da take kallo, kuma har yau ban ji wanda ya ce bai gane ba.

Idan muka taru ana kukan rashin kuɗi da tsauraran ƙa'idojin tace fina-finai, nakan tuna cewa masu fim a Amurka sun yi aiki a ƙarƙashin wata doka mai tsanani daga 1934 har zuwa 1968, wadda ta hana nuna tsiraici da zubar da jini ƙarara. A cikin wannan takura aka yi Psycho a 1960, da kuɗi kimanin dala 800,000, da ma'aikatan shirin talabijin na Hitchcock, kuma baƙi da fari. Fitowar kisan banɗaki da ta shahara an haɗa ta ne daga matsayin kyamara 78 da yanka 52, jinin da ke gangarawa ruwan cakulan ne, ƙarar wuƙar kuwa an samo ta ne ta hanyar caka wa wani ɗan itace dangin kankana wuƙa, sannan Bernard Herrmann ya ɗora kiɗan goge zalla a kai. Mutane sun fito daga silima suna rantsuwa sun ga an yayyanka mace, alhali abin da aka ba idonsu guntayen hotuna ne, zuciyarsu ce ta ƙarasa sauran.

Shirye-shiryen almarar kimiyya kuwa sun nuna mini cewa ana iya faɗin magana mai nauyi ta bayan gida. Rod Serling marubuci ne da ya sha fama da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shirye-shirye, waɗanda suka daddatse wasan da ya rubuta bisa kisan Emmett Till, yaro baƙar fata da aka kashe a Mississippi a 1955, har sai da labarin ya fita daga kamanninsa. Da ya ƙirƙiro The Twilight Zone, wanda tashar CBS ta nuna daga 1959 zuwa 1964 a kashi 156, shi kuma ya rubuta 92 daga ciki, sai ya mayar da maganar wariya da tsoro da zalunci bakin halittun wata duniya, inda ba mai talla da zai ce an taɓa kasuwarsa. A wani kashi na 1960 an ɗauke wuta a wata unguwa, motoci da wayoyi suka daina aiki, wani yaro ya ce ya karanta cewa baƙin halittu kan turo 'yan leƙen asiri cikin siffar mutane. Mu nan da ɗauke wuta ba ya hana kowa cin tuwonsa, farkon labarin yana iya ba mu dariya, amma abin da ya biyo baya ba abin dariya ba ne. Motar wani ta tashi da kanta, sai aka fara tuna cewa ai dama yana fitowa da dare yana kallon sama. Wani kuma aka ce yana da rediyo a ɗakin ƙasa. Kafin gari ya waye an harbe maƙwabci guda, unguwa ta kaure da jifa, halittun kuma suna can kan tudu ba abin da suka yi illa kunna wuta da kashewa. An yi shi ne 'yan shekaru bayan zazzabin farautar 'yan gurguzu a Amurka, amma duk wanda ya ga yadda jita-jita ke yawo a WhatsApp ranar da rikici ya ɓarke zai gane unguwar.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma tarihin waɗannan shirye-shirye cike yake da hakan. A Star Trek, wanda ya fara a 1966, na'urar nan da ke ɓatar da mutum daga jirgi ta bayyana shi a doron wata duniya an ƙirƙiro ta ne saboda nuna saukar jirgin kowane mako zai ci kuɗi da yawa. A Doctor Who na BBC, wanda ya fara ranar 23 ga Nuwamba, 1963, ƙarar tashin jirgin an same ta ne ta hanyar goga makullin gida a jikin wayoyin tsohon fiyano, kuma da rashin lafiya ya hana William Hartnell, wanda ke fitowa a matsayin jarumin shirin, ci gaba a 1966, sai marubutan suka ce jarumin yana iya sabunta jikinsa, Patrick Troughton ya karɓa, shirin ya samu hanyar da zai rayu shekaru da dama. Ba ina cewa duk abin da aka yi a lokacin zinari ba ne. Akwai kashi-kashi masu sa barci, mata da yawa ba su da aiki a ciki sai ihu, kuma labarin yadda aka yi kwanaki ana jefa wa jaruma Tippi Hedren tsuntsaye masu rai yayin ɗaukar The Birds na 1963 ya rage mini ganin girman Hitchcock a matsayin shugaban ma'aikata, ko da yake bai rage darajar idonsa ba.

Duk wannan karatu ya yiwu ne saboda wani ya adana faifan, kuma a nan ne labarin ya iso har gida. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin kasakasanta domin ta sake ɗaukar wani abu a kansu, abin da ya sa har yanzu sama da kashi guda 90 na Doctor Who ba a san inda suke ba. Sai dai ta kan sayar wa tashoshin ƙasashen waje kwafi a faifan fim, kuma a watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin faya-fayai, ya gano kashi 11 a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, 9 daga ciki an daɗe da fidda rai da su, dukkansu na 1967 da 1968. Na kalle su da wani irin daɗi na daban, sannan na tambayi kaina ina ainihin kasakasan fina-finan Hausa na farkon shekarun 1990 suke a yau, da kuma wasannin kwaikwayon da tashoshinmu suka nuna kafin su.

A sutudiyo, abin da aka saba shi ne da zarar fim ya fita, furodusa zai ce a goge ɗanyen hotunan domin a samu wurin zuba na gaba, tunda rumbun ajiya na kwamfuta yana da tsada. Yanzu kafin in karɓi aiki nakan sa kuɗin rumbu na biyu a cikin lissafi, in rubuta sunan fim da shekara a jikinsa, in miƙa wa mai fim ɗin hannu da hannu tare da kwafin da ba a ɗora wa kiɗa da rubutu ba. Wasu suna biya ba gardama, wasu sai mun kai ruwa rana, akwai kuma wanda ya karɓa ya goge a mako na gaba ya zuba bikin ƙanwarsa a ciki.