Tsohuwar laftof ɗina da ta ƙi yin barci

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar laftof, irin na hannu ɗin nan da muke saya saboda sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, ya san wannan ciwon. Ka rufe murfi ka jefa ta a jaka, kafin ka sauka daga adaidaita jakar ta ɗau zafi, fanka na ta ihu a ciki, caji kuma ya tafi. Tawa ƴar zamanin Windows 7 ce, wanda ya fito a 2009, daga baya mai gyara ya ɗora mata Windows 10 ya miƙo min, tun daga ranar barci ya gagare ta.

Da farko ko maɓallin barcin ma babu a wajen kashewa, sai dai Shut down da Restart kawai. Na buɗe cmd, baƙar tagar nan da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta powercfg /a, wannan shi ke faɗa maka irin barcin da injinka zai iya yi, sai ga shi ta ce S3, wato barcin da aka saba, ba ya samuwa kuma ɓangaren hoto ne ya hana. Da na leƙa Device Manager sai na ga Microsoft Basic Display Adapter zaune a wurin, wato mai gyaran bai sa direban sikirin na asali ba (direba shi ne manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani sashe na injin), Windows ta lallaɓa da na wucin gadi, shi kuma wannan bai iya barci ba sam. Na je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, babu direban Windows 10 na wannan samfurin, na sauke na Windows 8 na sa, ya kama, maɓalli ya dawo. Masu gyara dan Allah ku riƙa ƙarasa aiki, ɗora Windows ba shi ne ƙarshen zance ba.

To sai kuma ta koma tana yin barcin amma ta farka da kanta. Nan ne fa na fi shan wahala don ba ka ganin abin da ke tashinta, da daddare ne kawai za ka ga haske ya cika ɗaki. powercfg /lastwake zai nuna maka abin da ya tashe ta na ƙarshe, shi kuma powercfg /devicequery wake_armed zai jero duk na'urorin da aka ba izinin tashinta. A wajena linzami ne, ɗan mara wayar nan mai arha, ko tebur ka ɗan taɓa ya motsa shi ke nan ta buɗe ido. Na shiga Device Manager, na danna shi, Power Management, na cire alamar da ke kan Allow this device to wake the computer. Katin netwok ma haka na yi masa. Sannan a Power Options akwai Allow wake timers, shi ma na kashe. In kuma taka ƙin kwanciya take yi kwata-kwata, buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta powercfg /requests, sau da yawa wani bidiyo ne da ka bari a burawuza yake riƙe da ita.

Amma fa maganar gaskiya, bayan duk wannan hidima ni haibanet (Hibernate) na koma. Dalili kuwa, a barci aikinka yana zaune ne a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta injin, RAM kuma dole sai da wuta, to batirin da ba ya riƙe caji in aka ɗauke wuta tana barci komai ya bi ruwa. Haibanet kuwa kwashe komai yake ya rubuta a had dis cikin wani fayil, hiberfil.sys, sannan ta mutu murus ba ta shan ko ɗigon caji. Tana ɗan jan ƙafa wajen tashi, na yarda, musamman in ba SSD, dis mai saurin nan, gare ka ba. In ba ka gan shi ba, powercfg /h on zai kunna shi, sai ka je saitin murfi ka ce in an rufe ta yi haibanet.

Wasu za su ce ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada injin kafin Windows, wani lokacin yana maganin baƙin sikirin bayan farkawa, amma kar ka kuskura ka fara da mataccen batir, wuta ta yanke a tsakiya babban allon cikin injin ne, wato motherboard, zai iya tafiya gaba ɗaya. Ka fara gwada kashe Fast startup, saitin nan da ke sa Windows saurin kunnuwa, tukuna.