Na kwashi 'yan SS2 ɗina na kai su kotu

Darasin Gwamnati nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Tudun Wada ta Kaduna, kuma duk malamin da ya taɓa riƙe wannan darasi ya san halin yaranmu, akwai su da hadda. Ka ce su faɗo ɓangarorin gwamnati uku, kafin ka rufe baki sun rero maka, majalisa, zartaswa, shari'a. Sanatoci nawa? 109. 'Yan Majalisar Wakilai? 360. Ƙananan hukumomin Kaduna? 23. Duk wannan suna da shi saboda WAEC da NECO. Amma ka ce in 'yan sanda suka kama yayanka yau da daddare, kwana nawa doka ta yarda su riƙe shi ba su kai shi kotu ba, sai aji ya yi tsit. Wani yaro cewa ya yi ai sai ranar da DPO ya ga dama, kuma wallahi ba wasa yake ba, abin da ya taso yana gani ya faɗa.

Shi ya sa a zangon da ya wuce na juya tsarin, maimakon in fara da ma'anar dimokuraɗiyya da su rabon iko sai na fara daga caji ofis. Na buga musu babi na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 muka bi shi da Hausa layi-layi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, toh a cikin garin Kaduna ina ne zaka tsaya ka ce babu kotu a kusa? Yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauyansa. Sashe na 36 kuma ya ce ba shi da laifi har sai an tabbatar, in bai jin yaren da ake shari'ar dole a ba shi tafinta kyauta. Wanda ya fi tada ƙura shi ne da na ce dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama mutum a madadin wani, wato ɗa ya gudu a zo a tafi da uwa. Wata yarinya ta ce Malam a layinmu an yi, na ce na sani, an yi ɗin ne dai amma ba doka ba ce. Da na zo kan beli kyauta ne kuwa dariya suka dinga yi, ban hana su ba.

Sai maganar zuwa kotu. Na rubuta wasiƙa ga rajistara na wata kotun majistare, shugaban makaranta ya sa hannu, iyaye ma kowa ya sa hannu, don akwai uban da ya ce shi 'yarsa ba za ta taka kotu ba, a zuri'arsu ba a zuwa, sai da na je har shagonsa na ce Alhaji kallo za mu je ba ƙara ba.

Yaran sun ɗauka za su ga lauyoyi na ta ihu suna buga tebur kamar a fim. Abin da suka tarar, ɗaki ne madaidaici, benci, fanka, ɗan sanda mai gabatar da ƙara da tulin fayil, aka buga ƙofa aka ce kotu kowa ya miƙe, majistare ta shigo ta zauna tana rubuta duk abin da aka faɗa da hannunta. Yawancin ƙararrakin da aka kira ɗage su aka yi, wannan shaida bai zo ba, wancan lauya yana wata kotun. A mota suna ta ƙorafi wai ba su ga komai ba, ni kuwa a wajena sun ga babban abu, domin yanzu in na ce masu jiran shari'a sun yi yawa a gidan gyaran hali sun san daga inda abin yake farawa. Akwai wani saurayi da aka ba beli amma ba wanda zai tsaya masa, aka mayar da shi. Wannan ya tsaya musu a rai sosai, nan na samu ƙofar yi musu bayanin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta tun 1976, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin sunanta.

Bayan mun dawo ne na zana musu matakalar kotuna a allo, kuma sai ta zauna. Daga majistare ka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara wadda tana da reshe a nan Kaduna, sai Kotun Ƙoli a Abuja, daga ita shikenan. Mu a jihar nan tun 2001 lokacin Gwamna Makarfi muke da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya a gefe guda, kowacce da tata kotun ɗaukaka ƙarar. Nan kam tambayoyi suka ɓarke, don maganar aure da saki da gado da riƙon yara ce, kusan kowa akwai labari a gidansu. Sun yi mamaki da jin cewa rigimar gado da ta faro a gaban alƙali za ta iya hawa har Kotun Ƙoli.

Daga ƙarshe muka yi tamu kotun a aji. Satar waya ce, wani yaro ya zama wanda ake tuhuma, wata yarinya mai shegen natsuwa ta zama alƙali muka ɗaura mata baƙin mayafi. Shaidu biyu suka ce kowa ya san shi ɓarawo ne. Lauyan wanda ake tuhuma, yaron da ko magana bai cika yi a aji ba, ya miƙe ya ce ya mai shari'a tambaya ɗaya gareni, ya juya ga shaida ya ce da idonka ka ga ya ɗauka? Shaida ya ce a'a amma an gaya mini. Alƙali ta sallame shi. Kai, aji ya hargitse, rabi suna cewa an ci hanci! Na bar su suka yi ta musu har aka buga ƙararrawa, washegari na tambaye su wa zai yarda a ɗaure shi da an ce an ce, ba wanda ya ɗaga hannu. Daga nan muka gangara kan masu dukan ɓarawo a kasuwa kafin a kai shi hukuma, kuma gaskiya ko a nan ba duka ne suka yarda da ni ba.

Ɓangaren majalisa bai ba ni wuya ba bayan wannan, tunda sun riga sun fara tambayar wa ke rubuta dokokin. Na ce mutum 34 ne a Lugard Hall, zauren majalisar jiha, ke yi wa jiha doka, ƙudiri ya wuce karatu uku a kai wa gwamna a gidan Sir Kashim, in ya ƙi sa hannu cikin kwana 30 kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya tabbatar da shi ba da shi ba. Da suka ji tun 2018 ɗan shekara 25 zai iya tsayawa takarar majalisar jiha sai lissafi ya tashi, kowa na ƙirga saura shekara nawa.

Malamin da zai gwada, ya fara zuwa shi kaɗai ya tambayi rajistara irin ƙararrakin ranar, don akwai waɗanda bai dace yara su ji ba. A kashe waya, ba ɗaukar hoto, kuma a raba su rukuni-rukuni don bencin ba zai ɗauki aji guda ba. Zangon nan majalisar jiha nake so mu je ranar da suke zama, wasiƙar ma na riga na kai.